Sharhi: Allunan Talla da Hasken Dare a Kakangi, Aikin da Ke Jiran Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya kai ziyara Birnin Gwari, inda ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin wadda ta shafe kimanin shekara goma a rufe sakamakon taɓarɓarewar tsaro. Kafin wannan rana jama'ar yankin sun ga tasku iri-iri, domin a shekarar 2021 sai da ta kai an dakatar da cin kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan wayar salula na kusan wata biyu, duk a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kayan masarufi da bayanai. Wanda ya san halin da aka shiga a wancan lokaci shi ya san daɗin jin hayaniyar kasuwa da ƙarar manyan motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

To, duk inda kasuwa ta farfaɗo, abu biyu ne ke fara bayyana a bakin hanya, wato allo da fitila. Mai kemis zai rataya allonsa, mai cajin waya da mai POS za su kafa nasu, mai shayi da mai tsire za su ɗaura ƙwan lantarki a saman tebur, mai gidan mai kuma zai ɗaga babban allo wanda za a hango tun daga nesa. Wannan ba abin ƙi ba ne, hasali ma alama ce da ke nuna mutane sun soma yarda su zuba dukiyarsu a garinsu. Sai dai tambayar da muke son dubawa a wannan sharhi ita ce, wane ne ke da alhakin tsara inda za a kafa waɗannan alluna, da girmansu, da kuma ƙarfin hasken da za su riƙa fitarwa da dare? Mun ɗauki Kakangi a matsayin misali, kasancewarta ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, kuma da sunanta ake kiran ɗaya daga cikin kujeru biyu na Birnin Gwari a Majalisar Dokokin Jiha. Abin da ya dace da Kakangi shi zai dace da Randagi da Kuyello da Dogon Dawa da sauran garuruwa masu irin girmanta.

Mai yiwuwa wani ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, yankin da bai gama warkewa daga raunin 'yan bindiga ba ina shi ina zancen allon talla? Amsarmu ita ce, wannan batu ya shafi ran matafiyi a kan hanya, ya shafi aikin masu gadin gari da dare, ya kuma shafi aljihun ƙaramin ɗan kasuwa. Bayan haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsarin da za a shimfiɗa yau cikin sauƙi, idan aka bari sai bayan shekara goma, to sai an yi rusau da rigima kafin a cim masa.

Wa doka ta ɗora wa nauyin?

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai bar wannan batu a duhu ba. A Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci kula da tallace-tallacen da ake kafawa a waje da allunansu, a jeri guda da kula da shaguna da tireda da gidajen abinci. A wannan jadawalin ne kuma aka ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, da fitilun kan titi, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Tun kafin nan ma, dokar soja mai lamba 21 ta shekarar 1998 ta sanya kuɗin izinin kafa allo cikin jerin kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke karɓa.

Amma akwai wasu hukumomi da su ma suke da hannu a ciki, kuma yana da kyau jama'a su san iyakar kowace. Abin da aka rubuta a jikin talla, ko gaskiya ne ko yaudara, wannan aikin hukumar tarayya ce mai suna ARCON, wadda ta gaji APCON a shekarar 2022, yayin da tallar magani ke buƙatar amincewar NAFDAC. A manyan biranen jiharmu, hukumar tsara birane ta KASUPDA ce ke sa ido kan inda ake kafa manyan alluna, domin allon da aka ɗora kan turakun ƙarfe gini ne kamar kowane gini. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma filin da ke gefenta, kimanin mita 45 daga tsakiyar kwalta ta kowane ɓangare, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Ta fuskar karɓar kuɗi, dokar haraji da Jihar Kaduna ta yi a 2016 ta tattara wannan aiki a hannun hukumar KADIRS, ta kuma haramta wa jami'ai karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu.

Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne lungun kasuwar Kakangi, da bakin tasharta, da titunan cikin gari. A nan babu wanda ya fi kusa da jama'a kamar majalisar kansiloli. Ganin kuma cewa a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, to wanda ya nemi 'yancin kuɗi wajibi ne ya rungumi ayyukan da tsarin mulki ya ɗora masa, manya da ƙanana.

Abin da ya canza game da haske

Shekarun baya, allon talla a ƙauye katako ne ko fallen kwano da mai zane ya shafa wa fenti, hasken dare kuma bai wuce aci-bal-bal ko fitilar ƙwai ba. Irin wannan haske bai taɓa cutar da idon kowa ba. Abin da ya sauya al'amarin shi ne ƙwan LED mai farin haske, wanda ya samo asali daga binciken wasu masana uku 'yan asalin ƙasar Japan a farkon shekarun 1990, binciken da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Wannan ƙwai yana ba da farin haske mai ƙarfi da wuta 'yar kaɗan, ta yadda ƙaramin faifan sola da batir guda sun isa su riƙe shi har asuba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta ya gagari ƙaramin ɗan kasuwa, sai jama'a suka karkata ga sola. Ke nan garin da ba ya samun wutar lantarki yadda ya kamata, a yau yana iya mallakar hasken da a da sai a tsakiyar Kaduna ake ganin irinsa.

Alherin wannan ci gaba a fili yake. Matsalar tana farawa ne daga gasa. Idan mai shago ya ɗaura fitila mai ƙarfi, maƙwabcinsa zai ga nasa shagon ya dushe, sai ya sayo wadda ta fi ta, ya kuma juya fuskarta wajen titi don masu wucewa su lura da shi. Na uku zai ƙara da allo mai walƙiya, ja da kore da shuɗi suna ta ƙiftawa. A ƙarshe kowa ya kashe kuɗi, babu wanda ya fi wani fitowa, an bar mai tafiya a hanya da ciwon ido.

Masana lafiyar ido sun tabbatar da cewa idon ɗan Adam yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, amma haske mai ƙarfi yana rusa wannan sabo cikin ƙiftawa, kuma sai an ɗauki wasu daƙiƙoƙi kafin gani ya dawo, musamman ga wanda ya manyanta. Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya kashe wa direba ido na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar mita 66 ke nan ba ya ganin gabansa. Ɗan acaɓan da ke gudun kilomita 40 a awa, shi ma ya ci mita 33. A cikin wannan tazara ana iya samun yaro mai tsallaka titi, ko saniya, ko amalanke, ko tirelar da ta lalace aka bar ta babu alama. Haɗarin ya fi tsanani a irin yankinmu, domin direba yana fitowa ne daga dogon daji mai baƙin duhu, idonsa a buɗe sarai, sai ya yi kiciɓis da fitilar da aka saita masa a fuska a bakin gari.

Ta fuskar tsaro ma akwai abin lura. Mafarautan wannan yanki sun daɗe da sanin cewa idan aka dallare dabba da fitilar goshi, takan tsaya cik ba ta ganin wanda ke bayan hasken. Haka abin yake ga ɗan sintiri ko jami'in tsaron da fitilar wani shago ke dukan idonsa. Shi ba ya ganin abin da ke bayan fitilar, amma wanda ya laɓe cikin duhu yana ganinsa tsaf. Saboda haka yawan haske daban, tsaro daban. Fitila matsakaiciya wadda aka rufa wa kai tana kallon ƙasa ta fi amfani ga mai gadi a kan babbar fitilar da ke watsa haske ko'ina tana haifar da inuwa mai duhu a bayanta.

Har ila yau akwai haƙƙin maƙwabtaka. A lokacin bazara iyalai da yawa a tsakar gida suke kwana, kuma fitilar da aka ɗaga ta zarce katanga tana hana barci, tana kuma keta sirrin gida. Irin wannan ƙorafi yakan ƙare a gaban mai unguwa, wanda ba shi da wata rubutacciyar ƙa'ida da zai dogara da ita sai ban haƙuri. Kada kuma mu manta cewa Gandun Dajin Kamuku, wanda ya zama na ƙasa a 1999, a cikin wannan ƙaramar hukuma yake. Duk wanda ya ga yadda shinge ke taruwa a gindin fitila a farkon damina ya san yadda haske ke juya rayuwar ƙwari, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna yana ɓatar da tsuntsaye masu tafiyar dare.

Yadda wasu suka ɓullo wa lamarin

A nan gida, Jihar Legas ta kafa hukumar kula da alluna mai suna LASAA a shekarar 2006, bayan da alluna suka riga suka cika birnin, kuma sai da aka sha kai ruwa rana da masu talla kafin abubuwa su daidaita. A wannan shekarar ce kuma birnin Sao Paulo na ƙasar Burazil ya yi dokar tsabtace birni, wadda ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan alluna kimanin 15,000. Darasin da ke cikin waɗannan misalai biyu shi ne tsadar jinkiri, domin sun zo ne a matsayin magani bayan cuta ta yi nisa.

Game da ƙarfin haske kuwa, ana amfani da ma'auni iri biyu. Na farko yana auna hasken da fuskar allon kanta ke fitarwa, ana lissafa shi da kandela a kowane murabba'in mita. Dokar tallace-tallace ta Ingila ta 2007 ta ƙayyade wa allunan shaguna da ake kafawa ba tare da neman izini na musamman ba kandela 600 idan faɗin allon bai wuce murabba'in mita 10 ba, da kandela 300 idan ya wuce haka. Don a gane girman abin, allon zamani mai kama da talabijin yana kai kandela 5,000 ko fiye da rana don ya rinjayi hasken rana, ke nan idan ba a rage shi da dare ba ya ninka waccan iyaka ta 300 fiye da sau 16. Ma'auni na biyu, wanda garuruwa da yawa a Amurka ke bi, yana auna hasken da ke isa idon mai kallo. Jami'i zai tsaya a wata tazara da aka ƙayyade, ya auna da allon a kashe, ya sake aunawa da allon a kunne, kuma bambancin kada ya wuce kimanin laks uku, wato kusan ninki goma na farin wata a daren sha huɗu. Ita kuwa Faransa ta bi ta hanyar lokaci, inda tun watan Oktoba na 2022 ya zama wajibi a kashe allunan talla masu haske daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa shida na safe a duk faɗin ƙasar, ban da wasu wurare kamar filayen jirgin sama da tashoshi.

Dokar da za ta dace da Kakangi

Ba muna cewa a kwaso dokar Ingila a juye wa Kakangi ba. Doka mai amfani ita ce wadda mai shayi zai fahimta idan an karanta masa, wadda kuma jami'in ƙaramar hukuma zai iya aiwatarwa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A ganinmu abubuwa shida sun wadatar.

Na farko, duk fitilar allo ko ta ƙofar shago ta kasance da rufi a samanta, tana kallon ƙasa ko fuskar allon, kada ta kalli titi ko ta leƙa gidan maƙwabci. Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura, domin idan mutum ya tsaya a tsakiyar titi yana ganin ƙwayar fitilar tsirara, to an saɓa. Na biyu, a hana haske mai walƙiya a bakin babbar hanya, a kuma hana ja da shuɗi masu ƙiftawa, don kada a rikita su da fitilar motar jami'an tsaro ko ta asibiti. Na uku, kada a kafa allo a kan kwana, ko mararraba, ko bakin gada da kwalbati, ko inda zai tare alamar hanya. Na huɗu, wanda ya rufe shagonsa ya kashe allon talla, ya bar ƙaramar fitilar tsaro, amma a keɓe asibiti da kemis da ofishin 'yan sanda, waɗanda ake nema a kowane lokaci. Na biyar, babban allo mai turakun ƙarfe sai an duba ƙarfin ginshiƙinsa kafin a ba da izini, a kuma sake dubawa kafin faɗuwar damina, saboda kowa ya san irin iskar da ke rakiyar ruwan farko. Na shida, allo mai kama da talabijin, a duk ranar da ya iso yankin, dole ya zo da na'urar da ke rage haskensa da kanta idan rana ta faɗi, kuma a nan ne kaɗai za a buƙaci ma'aunin laks, wanda 'yar ƙaramar na'ura ce ta hannu.

Bugu da ƙari, ƙaramar hukuma ta fara da kanta. Akwai alluna na jama'a da suka fi na talla muhimmanci, wato masu nuna sunan gari, da nisan tafiya, da hanyar asibiti, da gargaɗin makaranta ko gada a gaba. Direban da ya zo ɗaukar masara daga wata jiha, ko motar da ta zo ɗaukar mai naƙuda cikin dare a kan hanyar Birnin Gwari zuwa Kakangi da Randagi, suna buƙatar irin waɗannan. A yi su da fenti mai ƙyalli wanda fitilar mota ke haskawa, ba sa buƙatar batir, a kuma rubuta su da Hausa.

Fargabar 'yan kasuwa

Mun san abin da zai fara zuwa zuciyar ɗan kasuwa idan ya ji zancen dokar allo, wato an sake ɓullo da wata hanyar karɓar kuɗi. Wannan fargaba tana da tushe, domin a sassa da dama na ƙasar nan batun allo ya koma farautar rasit, ana tare motoci a hanya, ana ɓalle allunan talakawa, alhali babu mai duba ko allon yana da haɗari. Mutanen da suka yi shekaru ba su noma gonakinsu ba, suka rasa jari, ba su cancanci a tarbe su da sabon haraji ba. Don haka shawararmu ita ce, ƙaramin allon da ke manne a jikin shago yana ɗauke da sunan mai shi da sana'arsa a bar shi kyauta, rajista kawai za a yi masa. Kuɗin izini ya tsaya a kan manyan allunan kamfanoni, a liƙa farashin a sakatariya da bakin kasuwa kowa ya gani, a kuma biya ta banki kamar yadda dokar jiha ta tanada. Wanda ya saɓa a fara yi masa gargaɗi a rubuce tare da wa'adin gyara, tara ta zo daga baya.

Kafin a zartar da komai, ya kamata kansiloli su zauna da hakimai da dagatai a ƙarƙashin Masarautar Birnin Gwari, da sarakunan kasuwa da na tasha, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, da masu haɗa sola, da jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra. Masu haɗa sola suna da muhimmanci ƙwarai, domin su ke hawa tsani su ɗaura fitilar. Idan suka fahimci dalilin karkatar da ita ƙasa, to an yi rabin aikin tun kafin jami'i ya fito daga ofis.

Akwai kuma gwajin da ke tafe. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, fastoci da allunan 'yan takara za su mamaye bangon makarantu da turakun lantarki da alamun hanya, kamar yadda aka saba gani a kowace kakar siyasa. Dokar da ta hukunta mai tireda ta kau da kai daga ɗan takara ba za ta yi ƙima a idon kowa ba. A ware wuraren liƙa fastoci, a ba kowace jam'iyya dama daidai da ta 'yar'uwarta, a kuma sa ranar da kowa zai cire nasa bayan zaɓe.

Daga ƙarshe, muna kira ga majalisar Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari da ta sanya wannan batu cikin abubuwan da za ta tattauna, muna kuma kira ga 'yan kasuwar Kakangi da kewaye da kada su jira sai doka ta zo. Kowa ya fita da dare ya tsaya a tsakiyar titi ya dubi fitilar shagonsa, idan ta kashe masa ido to haka take yi wa direba da mai gadi, sai ya nemi guntun kwano ya rufa mata kai ya sunkuyar da ita. Mutanen da suka yi haƙurin shekarun duhu sun cancanci hasken da zai nuna musu hanya lafiya.